Kifin da Ƙuda Ke Sauka a Kai

Mun tashi da asuba, ana sallame salla a masallacin unguwarmu muka hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa ajans, tashar motocin safa, ni da ƙanwar maigidana. Garwa ba ta gama farkawa ba, sai masu shayi da suka riga suka hura wuta da mata masu suyar makala, fanken garinmu, a bakin titi. Ina rungume da manyan kwanduna da na cusa cikin juna, babu komai a ciki, har mai moton ya tambaye ni ko ƙaura zan yi. Na ce masa kifi zan je saye. Ya ce, "Hajiya, ga Kogin Binuwai a bayanki, ki tafi neman kifi a wani gari?" Na ce masa labarin ya fi hanyar tsawo.

Ku da kuke bibiyata kun san ina da ɗan gidan abinci kusa da babbar kasuwa, kun kuma san miyar busasshen kifi ce ta riƙe mini shi shekara da shekaru. Kwanakin baya na sayo kwandon banda mai sheƙi, mai kyan gani, da arahar da ta sa na yi ta yi wa kaina barka. Ina cikin gyarawa na jefa wa kyanwar madafarmu kai ɗaya. Kyanwar nan da ko ƙaya ba ta bari, ta shinshina, ta dube ni, ta yi tafiyarta. Ƙanwar maigidana ma'aikaciyar jinya ce, ranar ta shigo cin abincin rana. Ta ɗauki kifin ta kai hanci, ta ce, "Yaya, wannan an fesa masa maganin ƙwari." Ta ce wasu 'yan kasuwa suna yin haka don kada tsutsa ta shiga kafin kaya ya isa inda za shi, kuma wanki da ruwan zafi ba ya fitar da shi duka. Na sa aka haƙa rami aka binne kwandon. Daga ranar na kasa kallon mutane suna lasar hannu a shagona da zuciya ɗaya.

Ita ce kuma ta kawo mini labarin wasu mata a Maga. Wata abokiyar aikinta da aka tura can ta gaya mata sun haɗa ƙungiya, suna banda ba tare da magani ba, suna sayarwa a farashin da su suka yanka da kansu. Da Faransanci abin yana da wani dogon suna da harshena ya ƙi ɗauka. Ni dai na kira shi cinikin adalci, na ce sai na gani da idona.

Motar Marwa ta cika ta tashi rana na ɓullowa. Kafin mu gama gyara zama mun iso Pitowa, ga Dutsen Tingilin a gefe, samansa shimfiɗe kamar an yanke shi da wuƙa. Lokacin cirar auduga ne. Duk ƙauyen da muka wuce akwai tsibi fari fat a bakin hanya, wani ya fi ɗaki tsawo, mata na tattake shi suna waƙa. Hasken safiya ya faɗa kan tsibin nan har sai da na kare idona. Wani dattijo da ke kusa da ni, manomin auduga ne, ya kama gefen zanena da yatsa biyu ya murza, ya ce da Fillanci wataƙila daga gonarsa ya fito. Aka yi dariya. Ya ƙara da cewa shi dai matarsa ba ta taɓa ɗaura irinsa ba. Aka sake dariya, amma ta biyun ba ta kai ta farko ba.

A Figil muka ga inda ake fasa farin dutse, har itatuwan wajen sun yi furfura. Jandarma suka tsayar da mu, kowa ya miƙa katinsa, ɗaya daga cikinsu ya leƙa kwandunana ya ga wayam, ya ce in na dawo da su cike zai so ya sake leƙawa. Daga nan sai duwatsun Mutturwa, manya-manya, wani bisa wani, kamar akwai wanda ya zauna ya jera su da hannu ya tashi bai gama ba. Akwai guda da na rantse iska mai ƙarfi za ta ture shi, amma mutane sun gina gidajensu a ƙarƙashinsa hankali kwance, awaki na kwance a inuwarsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai kuwa yana gaba. Mun fito fili, baƙar ƙasa ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, ruwan sama ya daɗe da ɗaukewa, amma ga dawa koriya shar har iyakar gani. Muskuwari ce, wadda ake dasawa bayan damina. A huda rami, a zuba ɗan ruwa sau ɗaya, a sa dashe, shi ke nan. Sauran aikin danshin da ƙasa ta ɓoye ne zai yi. Na sha sayenta a kasuwa, na sha tuƙa tuwonta, amma ban taɓa ganin ta a tsaye ba. Na yi ta tasbihi a raina har muka shiga Marwa.

Marwa gari ne da darbejiya ta yi wa rumfa, ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Kogin da ya ratsa garin ya ƙafe, sai yashi, amma mutane sun tona ramuka a cikinsa suna ɗebo ruwa, masu wanki sun shanya kaya kala-kala a kan yashin. Muka ci tsire da ya fi na Garwa yaji, muka sayi kilishi mai laushi da ban san yadda suke yi ba. A rumfar dukawa na ga wani takalmi na jar fata, na ɗauka na fara tayawa yadda na saba, na raba kuɗin biyu. Abokiyar tafiyata ta matso kunnena ta ce, "Yaya, cinikin adalcin sai mun isa Maga zai fara?" Na biya abin da badukun ya ce. Har yanzu ina jin zafin abin kaɗan-kaɗan, amma takalmin yana da daɗi.

Muka kwana gidan 'yan'uwa, da safe muka shiga wata tsohuwar mota da ƙofarta ke ɗaure da igiya. Mun dace da ranar kasuwar shanu a Bogo. Ƙahoni ne ko'ina kamar daji ya taso yana tafiya, jajayen shanu dogaye, dillalai na cusa hannu cikin riga suna ciniki da yatsu. Albasa a nan kusan kyauta ce in an gwada da Garwa, kindirmo kuwa sai da cokali. Hanyar daga nan ba ta da kirki, duk wanda ya ci ya ƙoshi a Bogo zai ji a jikinsa. Bayan Girbidik direba ya ɗauke mu ya hau kan wata doguwar ganuwar ƙasa, ya ce mu duba dama.

Ni 'yar bakin kogi ce, na ɗauka na san ruwa. Amma kogi yana da tsallake, kana ganin mutanen can suna wanki. Tafkin Maga ba shi da tsallake. Ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama, ba ka iya cewa ga inda wannan ya ƙare wancan ya fara, kwalekwale a can nesa kamar suna rataye a iska. A hagu kuma, ƙasa da ganuwar, gonakin shinkafa ne kore shar, an yanka su fili-fili, ruwa na bin magudanu zuwa kowanne. Da aka ce mini mutane ne suka tare ruwan nan da wannan ganuwa da muke kai, sai na ce wa direba ya rage gudu, don ban yarda tayoyinsa sun cancanci wurin ba.

Shugabar matan sunanta Dada Aisatu. Doguwa ce, baƙa, 'yar ƙabilar Musgum, hayaƙi ya mayar da idanunta jajaye, tafin hannunta kamar fatar ganga. Hausarta ta kasuwa ce, in ta ƙare mata sai ta ciko da Fillanci. Ta tarbe mu da "Jabbama," ta ba mu ruwa, ta ce ba za ta nuna mana kifi a kwando ba sai mun fara ganin shi a gidansa, cikin ruwa. Ta sa ƙaninta ya ɗauke mu a kwalekwalensa.

Muka ratsa ta cikin ciyawa mai tsawo, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, kirinjijiya da dinya da balbela, har inuwarsu ta rufe mu, ƙarar fukafukansu kamar ana kaɗa zannuwa. Kwasakwasa na zaune kan ruwa ko a jikinta. Can sai mai jirgin ya daina tuƙi, ya nuna mana wasu duwatsu da baki. Ɗaya daga cikin duwatsun ya motsa kunne. Dorina ce, da 'yan'uwanta. Babbar ta ɗago kai, ta buɗe baki, na ga kwandunana duka za su shige ciki har da ni. Abokiyar tafiyata, wadda ke yi wa manyan maza allura suna kuka tana dariya, ta riƙe hannuna har ya yi shati. Mai jirgin ya ce in ba ka shiga tsakaninta da ɗanta ba, ba ruwanta da kai, amma wani lokaci ba ka sanin ka shiga. Ya ja mu baya sannu a hankali, bai juya mata ƙeya ba.

A bakin ruwa masunta na sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Matan ƙungiyar suna saye, amma duk wanda ya kawo ƙananan kifi irin na masu kamu da gidan sauro, ba su ko taɓawa. Dada Aisatu ta ce wanda ya cinye jarirai bana, baɗi wa zai aura wa wa? Daga nan ta kai mu filin bandarsu. Murahu ne na laka a jere, an ɗora raga-raga na waya bisa juna, ƙaiƙayin shinkafa na ci a ƙasa a hankali, don itace ya yi tsada a yankin. A wanke kifi, a sa gishiri, a jera, a yi ta juyawa. In ya bushe a adana shi da barkono da ganyen darbejiya, bayan 'yan kwanaki a sake mayar da shi wuta, in ba haka ba tsutsa ta shiga. Kifin yana tsukewa, ya yi duhu, ba ya sheƙi. Gaskiya in da a kasuwa na gan shi, da na wuce.

Na ga ƙuda na sauka kan wanda aka baza ya huce, na sa hannu ina kora. Dada Aisatu ta yi dariya ta ce, "'Yata, bar su, shaidunmu ne. In kika shiga kasuwa kika ga tsibin kifi ƙuda na kewaye shi ba ya sauka, ke ma kewaye shi." Ta ɓare guda ta ba ni. Ɗanɗanon da na ji ya mayar da ni miyar kakata, wadda na ɗauka hannunta ne ya tafi da shi.

Muna cikin haka wata babbar mota ta tsaya a bakin filin. Wani alhaji ya fito, mai fara'a, ya san kowace mace da sunanta, yana tambayar yara. Tsohon mai sayensu ne tun kafin ƙungiya. Ya ce zai kwashe duk abin da ke ƙasa yanzu-yanzu, hannu da hannu, amma a farashinsa, wanda bai kai nasu ba. Kowa a wajen ya san abin da zai yi wa kifin. Na kasa haƙuri na tambaye shi maganar fesa wa kifi magani. Bai ji haushi ba. Ya ce, "Hajiya, hanyata doguwa ce, in tsutsa ta shiga na tashi a tutar babu. Kuma in na kai mai tsabta na faɗi kuɗinsa, ku ne za ku ce a rage. Ku kuka koya mana."

Matan suka koma gindin wata tsamiya, mu ma aka ce mu zauna. A nan na fahimci halin da suke ciki. Masu sayen da ke biyan farashinsu ba su da yawa, kuma sun jima ba su zo ba. Kifi ya taru, kullum ana mayar da shi wuta, kullum yana ƙara tsukewa. Wata matashiya mai goyo, Habiba, ta miƙe. Ashe watan da ya wuce dorina ta fasa jirgin mijinta, Allah ya kuɓutar da shi da rai, amma tun daga nan yana zaune a gida. Kifinta kaɗai ne hanyar sabon jirgi, kuma kafinta ya ce ba zai ajiye mata katako har abada ba. Ta ce, "Dada, na san abin da muka yi alkawari. Amma alkawari ba ya shiga ruwa ya kamo kifi. Ku yafe mini, zan ba Alhaji." Wasu mata biyu suka sunkuyar da kai, da alama maganarsu ta faɗa.

Ni kuwa abin da na zo da shi bai taka kara ya karya ba. Iyakar abin da kwandunana za su ɗauka ne, kuma dokarsu ita ce duk cinikin da ya shigo a raba shi daidai, kowace a ɗebi nata. In aka raba nawa, abin da zai kai hannun Habiba ko filafili ba zai saya ba.

Dada Aisatu ta gyara zama. Sannan ta ce ita dai ta yafe rabonta na wannan ciniki, a ɗebi na baƙuwa duka daga kwandon Habiba. Ba ta dubi kowa ba. Wata tsohuwa da ke can gefe, mai haƙori ɗaya a gaba, ta ce, "Nawa ma." Sai na kusa da ita. Haka abin ya yi ta zagawa, wata da Fillanci, wata da Musgum, wata da ɗaga hannu kawai. Kowace a cikinsu tana da bakin da ke jiranta a gida, na ga zannuwansu, na ga ƙafafunsu. Har matan nan biyu da suka sunkuyar da kai suka yafe, duk da cewa su sun ce ba za su iya jira ba, za su ba Alhaji nasu. Habiba ta zauna ta rufe fuska da gefen mayafi, ɗanta na jan kunnenta.

Na ga tafki marar tsallake a ranar, na ga bakin dorina, amma a gindin tsamiyar nan tsigar jikina ta tashi.

Dada Aisatu ba ta yi wa matan biyu faɗa ba, ita ma ta kama aka kai kayansu mota. Abu ɗaya ta gaya wa Alhaji, cewa in zai yi feshinsa, ba a filinsu ba. Na biya farashin da suka faɗa ban taya ba, na kira wasu mata biyu masu sana'a irin tawa a Garwa ta waya, ɗaya ta ce in ƙaro mata, ɗaya ta ce ya yi tsada. Abin da aka samu bai kai kuɗin jirgi ba, amma ya isa a riƙe katako. Muka ci jar shinkafar Maga da miyar yakuwa da sabon karfasa, muka yi sallama da la'asar.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da motar Alhaji a gefen hanya. An sauke kwanduna an buɗe, wani mutum ya ɗaure hanci da tsumma, yana bi da abin feshi irin na gonar auduga. Kifin da aka yi kwanaki ana juyawa da hannu. Alhaji ya ɗaga mana hannu da fara'arsa, direbanmu ya danna masa ham.

Washegari muka kamo hanyar gida, motar duk ta ɗauki ƙamshin banda, fasinjoji na tambaya ko na sayarwa ne. Mun shiga Garwa da yamma lafiya lau. Ban huta ba sai da na sa aka gina mini ɗan murhu a bayan shago yadda na gani, don kifin nan yana son kulawa kamar jinjiri.

Dole na ƙara kuɗin kwano, na kuma gaya wa kowa dalili. Wasu suka ce to, wasu suka koma maƙwabta, ban riƙe su a rai ba. Wanda na fi jin nauyinsa wani ɗan dako ne da ya yi shekaru yana cin abincin rana a wajena, na san abin da yake samu. Ya saurare ni har na gama, ya ci, ya suɗe kwano, ya tambayi sunan wadda ta yi bandar. Na gaya masa. Ya ce, "To, Hajiya, daga yau rana ɗaya kifi, rana ɗaya wake. In kin koma ki gaishe ta."

Tafiyar nan ta koya mini cewa araha ba daga sama take faɗowa ba, akwai wanda ya biya cikon, ko mai yi da guminsa ko mai ci da lafiyarsa. Ta kuma koya mini cewa adalci yana da tsada, kuma sau da yawa waɗanda suka fi kowa rashi su ne ke fara miƙa hannu su biya. Ni mai saye ce kawai, ba zan gyara kasuwa ba. Amma yanzu kafin in ce "nawa ne," ina fara cewa "wa ya yi?"